Darasi: Mai doki, yi hankali da garken shanu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Nan gaba kaɗan za a saki gonaki. Shanun da suka yi damina a arewa, wajen Abalak da Dakoro da Tanut, sun kamo hanyar kudu. Za su shiga gonaki su ci kara da harawa, su bar mana taki.

A daidai wannan lokaci ne mai doki ya fi yawan tafiya. Ga cin kasuwa, ga biki, ga gaisuwar dangi. Da damina yana bin hanya, don akwai shuka. Yanzu kuwa gona ta zama fili, sai ya yanke ta ciki don ya rage nisa. A nan ne doki da shanu suke haɗuwa. Mafi yawan lokaci ana wucewa lafiya. Amma ran da abin ya ɓaci, mutum ne yake shan wahala: karaya, ko sukar ƙaho, ko faɗuwa bisa tushiya mai tsini.

In haka ta faru sai mu ce tsautsayi ne. Gaskiya ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wani tsautsayin mu muke kiransa da hannunmu, saboda ba mu san halin bisa ba. Makiyayi ya sani, tun yana yaro yake cikin garke. Mu da muke ratsawa bisa doki, mu ne ya kamata mu koya.

Yadda saniya take ganin duniya

Idanun mutum suna gaba. Idanun saniya suna gefen kai. Saboda haka tana ganin dama da hagu da gaba a lokaci guda, ba sai ta juya ba. In aka raba kewayenta kashi 360, tana ganin fiye da kashi 300. Wuri ɗaya ne ya ɓace mata: bayanta, daidai wajen jela. Wanda ya ɓullo ta nan ba ta gan shi ba, sai dai ta ji shi kwatsam. Bisa da ta firgita kuwa abu biyu take yi, ko ta gudu, ko ta kai hari.

Ko da yake tana gani da faɗi, ba ta iya auna nisa da kyau kamar mu. Inuwa a ƙasa tana iya zama mata kamar rami. Abu mai motsi da sauri yana ba ta tsoro tun bai iso ba. Mutum bisa doki kuma, a idonta, wata doguwar halitta ce da ba ta saba gani ba.

Wasu suna cewa jan tufa ne yake tsokanar bijimi. Ba haka ba ne. Shanu ba su rarrabe ja da kore kamar yadda mutum yake yi. Motsin tufa ne yake damunsu. Babbar riga da iska take kaɗawa, ko jelar rawani da take filfilwa, ko fara ce ko baƙa, duk ɗaya ne. Don haka kafin ka kusanci garke, tattara rigarka, ka soke jelar rawani.

Kunnen saniya ya fi namu ji. Ihu da fito mai ƙarfi da ƙarar bulala suna ta da mata hankali. Magana a hankali tana kwantar da ita.

Akwai kuma abin da kowane makiyayi ya sani: kowace saniya tana da iyakarta. In kana nesa da iyakar nan, za ta ɗaga kai ta dube ka, ta koma kiwo. In ka taka iyakar, za ta ja da baya. In ka shiga ciki kuma ba ta da wurin gudu, sai ta juyo maka. Iyakar san huɗa da ya saba da mutane ƴar kaɗan ce. Iyakar saniyar daji, wadda ba ta san kowa ba sai mai ita, tana da faɗi ƙwarai.

Doki ma haka Allah ya yi shi. Idanunsa suna gefe, ba ya ganin abin da ke bayansa daidai, kuma maganin tsoro a wurinsa gudu ne. Ka ga ke nan matsorata biyu ne suka haɗu, kai kana tsakani.

Waɗanne shanu ne suka fi haɗari

A ƙasarmu muna da irin shanu da yawa. Akwai Azawak, mai yawan nono, wadda ake kula da irinta a gidan kiwo na Tukunus, ƙasar Filinge. Akwai Bororo, ja mai dogon ƙaho. Akwai Gudali mai gajeren ƙaho, da Jalli ta bakin kogin Kwara, da Kuri ta tabkin Cadi mai kumburarren ƙaho. Azawak da Gudali an san su da sanyin hali. Bororo kuwa tana da saurin firgita. Tana bin muryar mai ita duk inda ya nufa, amma ba ta yarda da baƙo. Ƙahonta yana iya kai mita guda. Saniya mai irin wannan ƙaho ba sai ta yi nufin mugunta ba. Ta kaɗa kai kawai don korar ƙuda, tana iya farke cikin doki ko cinyar mahayi.

Amma ba iri ne babban abin dubawa ba. Halin da bisa take ciki a ranar, shi ne magana.

Ta farko ita ce saniya mai sabuwar haihuwa. Mutane sun fi jin tsoron bijimi, alhali mai jego ita ce ta fi yawan kai hari. Ta ɗauki ciki wata 9 da ƴan kwanaki. A kwanakin farko bayan haihuwa ba ta yarda kowa ya kusanci ɗanta. Saniyar da yara suke tatsa jiya, yau tana iya tunkuyin mai gida. Abin da ya fi muni, maraƙi yakan kwanta cikin ciyawa ko bayan tarin kara, ba ka ganinsa. Kai kana ganin ka kauce wa saniya, ashe ka shiga tsakaninta da ɗanta. In ka ga saniya ita kaɗai nesa da garke, ta daina kiwo, ta kafe ka da ido, to ka ɗauka akwai maraƙi kusa. Dubi inda take waiwaye, ka bi ta wani gefen da nisa.

Da maraice akwai irin wannan haɗari a bakin ruga. Ana ɗaure maruƙa a dangwali, iyayensu suna wuni a daji. In rana ta yi sanyi suna dawowa da sauri, nono ya cika, suna kuka. Kada ka ratsa da doki tsakanin shanu masu dawowa da dangwali. Ba za su kauce maka ba.

Na biyu shi ne bijimi, musamman in akwai saniyar da take neman barbara, ko in bijimai biyu suna faɗa. Bijimi yana yin gargaɗi kafin ya taso. Yana juya maka gefensa don ka ga girmansa. Yana tona ƙasa da kofato, yana watsa ƙura bisa tozo. Yana goga ƙaho a ƙasa, yana huci. In ya fuskance ka ya sunkuyar da kai, to magana ta ƙare, saura tasowa.

A kula da san turke, wanda aka yi kiwonsa a gida tun yana ƙarami. Don ya saba da mutane, ba ya jin tsoron kowa. Irin wannan ya fi bijimin daji haɗari ran da ya tsinke igiya.

Na uku su ne ƴan bana bakwai na garke: karsana da ƙananan bijimai. Su ba mugunta gare su ba, son gani ne da wasa. Suna ganin doki sai su biyo shi. In doki ya ƙara sauri, su ƙara. In ya yi sukuwa, duk garke ya ɗauka. Wasa ne a wurinsu, amma doki bai san wasa ba ne.

Akwai kuma saniya marar lafiya. In ka ga saniya tana dalalar da yawu, tana kuka ba tsayawa, ba ta iya haɗiye ruwa, tana kai wa itace da bisashe hari, kada ka kusance ta. Yana yiwuwa mahaukacin kare ya cije ta. Kada kowa ya sa hannu a bakinta wai don ya ciro abin da ya maƙale. A sanar da ma'aikacin kiwo nan da nan.

Kafin ka hau

Dubi majayi, ka ɗaure shi da kyau. Sirdin da ya yi sako-sako yana juyewa lokacin da doki ya zabura gefe. Dubi kamazuru da linzami, ko fata ta bushe ta kusa tsinkewa. Fatar da ta sha ranar bazara ba a shafa mata mai ba, ran da ka fi bukatarta ran nan take cin amana.

Ka san dokinka. Dokin ƙauye da ake ɗaurewa kusa da shanu bai damu da su ba. Dokin birni, wanda ba ya fita barga sai ranar hawan salla a Damagaram ko Maradi ko Tsibiri, yana iya yin tabarya don ya ga maraƙi. In ka sayi sabon doki, kada ka gwada shi cikin garke ranar kasuwa. Kafa masa turke inda zai riƙa ganin shanu daga nesa, yana jin warinsu. Kowace rana ka matso da turken kaɗan. Ba shi ciyawa a wurin. Cikin ƴan kwanaki za ka ga ya daina ɗaga kunne.

Goɗiya mai ɗa sai an ƙara kula. Ɗan dukushi yana tsalle ya shiga cikin shanu, uwar ta haukace ta bi shi, kai kana bisa. In za ka ratsa inda shanu suke, a sa wa ɗan igiya, wani ya riƙe shi kusa da uwar.

Kare kuwa, bar shi gida. A idon saniya mai ɗa, kare da kura da dila duk abu guda ne. Za ta taso masa. Shi kuma in ya ji tsoro ina zai gudu? Ƙarƙashin dokinka.

In kana bisa doki

Da ka hango garke, ja linzami, ka koma tafiyar ƙafa. Tun daga nesa za ka yi haka, ba sai ka iso ba. Tsaya ka duba. Ina makiyayi? Ina bijimi? Akwai maruƙa? Ina garken ya sa gaba? In abu ya ɓaci, ta ina zan fita?

Sa'an nan ka yi sallama da murya, ba da ihu ba. Sallamar nan tana aiki biyu. Shanu sun ji ka, ba za ka zo musu kwatsam ba. Makiyayi kuma ya san da kai. Tambaye shi, ba abin kunya ba ne:

"Salamu alaikum. Sannu da kiwo, Malam. Ta ina zan bi?"

"Alaikumus salam, sannu Alhaji. Bi ta yamma, bayan gawon can. Jar nan ta haihu shekaranjiya."

Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba ta raba ka da wata uku a hannun maɗori. Ko yaro ne yake kiwon, ji maganarsa. Ya fi ka sanin shanunsa, ya san kowace da sunanta.

Kewaya garke, kada ka raba shi biyu. Shanu ba su son a raba su. Waɗanda ka yanke za su ruga su koma cikin ƴan uwansu, kuma ta kanka za su bi. In garke yana tafiya a burtali, ko yana tsallake hanya, tsaya gefe har ya wuce duka, har da gurguwar da take baya. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Nan ma ba shekara ba ce, minti uku ne ko biyar.

Kada ka matse shanu a jikin shinge ko bakin kwazazzabo ko gefen tabki. Bisa da ba ta da wurin gudu, kai ne hanyarta. Kai ma kada ka shiga lungun da ba mafita.

Shanu na kwance suna tuƙa, kada ka bi ta tsakaninsu. Saniya da baya take fara tashi. Doki yana tafe, sai ya ga abu ya yunƙura a gabansa, sai tutsu.

Sa kan ƙafarka kawai cikin likkafa. Kada ka zura ƙafa duka. Faɗuwa daga doki ciwo ne, amma wanda ƙafarsa ta maƙale, doki ya ja shi cikin tushiya, shi ne ake fidda rai da shi. Ƙaimi da bulala kuma a ajiye su. Dokin da yake jin tsoro, in ka ƙara masa zafi, ka ƙara masa dalilin gudu. Yi masa magana, shafa wuyansa, riƙe kamazuru da hannu biyu ba tare da ka ɗaure masa baki ba.

To, in ƙananan shanu suka biyo ka fa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Zuciya tana cewa ka sake wa doki linzami. Kada ka yi. Gonar da aka girbe cike take da tushiya da kunya da ramin kurege. Doki mai sukuwa a irin wannan wuri yana iya tuntuɓe, ga garke a bayanka. Abin yi shi ne ka juyo da doki ka fuskance su. Ɗaga hannu, ka yi musu tsawa da murya mai nauyi. Za su tsaya. Juya ka ci gaba da tafiyar ƙafa. In sun sake biyowa, ka sake juyowa. Ko sau biyar ne, yi. Za su gaji su koma kiwo.

Bijimi mai tona ƙasa da saniya mai jego, su ba a fuskantarsu da tsawa. Kauce musu a hankali, kana dubansu ta gefen ido, ka ƙara nisa. In ɗaya ta taso da gaske, to a nan kam ba doki hanya ya fita, ta wajen fili, nesa da sauran garke da maraƙi. Da ta ga ka bar iyakarta, yawanci sai ta koma wurin ɗanta.

Muddin kana iya sarrafa dokinka, zama bisa ya fi sauka. A bisa kana da tsawo, kana gani nesa, kana da ƙafa huɗu. In ka san dokin ba zai riƙu ba, sauka tun kuna nesa, ba a tsakiyar shanu ba.

In kuna da yawa, kamar masu rakiyar amarya ko masu zuwa gaisuwar sarki, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Doki mai hankali ya shiga gaba. Kada samari su yi tsere kusa da garke. Kada kuma a bar mutum ɗaya a baya. Dokin da ya ga ƴan uwansa sun tafi ba ya jin linzami.

In kana jan doki a ƙasa

Wannan sashe a karanta wa yara, don su ne muke aike su kai doki ruwa.

Kada a naɗe igiya a hannu, ko a wuyan hannu, ko a ƙugu. Yara suna yin haka don kada doki ya ƙwace a yi musu faɗa a gida. Doki yana da nauyin kilo 300 ko fiye. In ya zabura, igiya ta shaƙe, yaro ba shi da ikon kwancewa. Ana rasa yatsu ta haka, ana rasa rai. Ninka ragowar igiya ake yi, a riƙe ta cikin tafin hannu, yadda da an buɗe hannu za ta faɗi. Iyaye, ku gaya wa ɗiyanku da bakinku: in abu ya ɓaci, saki dokin, ba mai dukanka. Doki ya san hanyar gida.

Yi tafiya daidai kafaɗar doki. In kana gabansa, zai hau ka in ya zabura. In kana bayansa, ka shiga wurin harbi.

Wane gefe za ka tsaya? Gefen da shanu suke. Wannan yana ba mutane mamaki, amma ga dalili. Doki in ya ji tsoro, nesa da abin tsoron yake tsalle. In shanu suna dama, zai yi tsalle hagu. In kana hagu, a kanka zai faɗo. In kana tsakaninsa da shanu kuwa, tsallensa zai nisanta shi da kai, kuma ganinka a wurin yana kwantar masa da hankali. Wannan dabara ta wucewa ce da nisa, kusa da shanu masu kiwo lafiya. In saniya ta sunkuyar da kai ta taso, saki igiya, ka nemi itace ko rumbu ko amalanke ka sa shi tsakaninku. Kada ka yi tseren gudu da ita a fili. Tana iya gudun kilomita 30 a awa, kai kuwa cikin rairayi ko rabin haka da wuya.

In ta kada ka, kada ka yi ta yunƙurin tashi a gabanta. Dunƙule jikinka, ka rufe kai da wuya da hannuwa. In akwai shinge ko rami kusa, mirgina ka shiga.

A kula da shanun huɗa da na amalanke. In an haɗa biyu da karkiya, kada a bi da doki kusa da su, don in sun firgita tare suke gudu, da garma da komai. Saniyar da aka ɗaure da doguwar igiya a gona ita ma tarko ce. Igiyar tana kwance cikin ciyawa. Doki ya zo tsallakewa, saniya ta ja, igiya ta miƙe ta harɗe masa ƙafa.

Bakin rijiya

Da rani babu wurin da ya fi bakin rijiya haɗari. Wasu shanun sai bayan kwana biyu suke shan ruwa. Saniya ɗaya tana iya shan lita 30 ko fiye a tashi guda. Mai irin wannan ƙishirwa ba ta ganin kowa. Makiyaya suna tsare garke can nesa, suna sakin shanu kaɗan kaɗan. In ka zo da doki, nemi izini, ka jira a ba ka kwami a gefe. Kada ka tsaya tsakanin shanu da ruwa.

A arewa wasu rijiyoyi zurfinsu ya wuce mita 50. Sa ko raƙumi ko jakuna ne suke jan wasaki, igiya tana miƙe a doguwar hanya. Kada ka tsallaka wannan igiya da doki. In bisa mai ja ta firgita, ba kai kaɗai ba ne cikin haɗari. Mutumin da yake tsaye bakin rijiya yana karɓar wasaki, igiya tana iya fizgarsa ciki.

Da dare da lokacin hazo

Bayan girbi manoma da yawa suna shiri da makiyaya, shanu su kwana a gona don taki. Gonar da ka bi da safe ba kowa, da dare tana iya cika da shanu a kwance. In dare ya yi maka, bi hanya, kada ka yanke. Hasken tocila ko na salula, a ƙasa za ka haska shi, ba a idon bisashe ba.

Ga wani dalili kuma. Satar shanu ta sa makiyaya ba su barci da ido biyu. Mahayin da ya ɓullo wa garke cikin duhu ba sallama, ana iya ɗaukarsa ɓarawo, a kai masa sanda kafin a tambayi sunansa. Yi sallama tun daga nesa, ka faɗi ko kai wane ne da inda za ka. Ran da hazo ya sauka, ko da rana ne, haka za ka yi.

Abin da doka ta ce

Ƙasarmu tana da dokar karkara tun ranar 2 ga Maris 1993. Ranar 20 ga Mayu 2010 aka ƙara dokar da ta shafi kiwo. Dokar nan ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da bisashensu, ta hana toshe burtali ko noma shi. Hukumar jaha ce take sa ranar rufe gonaki da ranar sakinsu, bayan an ji shawarar kwamitocin kula da ƙasa. Ke nan garken da ka tarar a burtali, ko a gona bayan an saki gonaki, yana kan haƙƙinsa. Ba shi ne ya tare maka hanya ba.

A tuna kuma, ba duk amfanin gona ake kwashewa rana ɗaya ba. Akwai wake, akwai rogo, akwai dawa mai nauyi, akwai garka. Mahayi ya yi sukuwa ya watsa garke, shanu suka faɗa gonar wani, shi ya yi gaba abinsa. Wa za a kama? Makiyayi. Rigima tsakanin manomi da makiyayi kuwa mun san inda take farawa, ba mu san inda take tsayawa ba. In dokinka ne ya jawo ɓarna, tsaya ka faɗi gaskiya gaban mai gari da ardo. In saniya ce ta ji wa dokinka ciwo, kada ka rama da takobi ko sanda. Kai ƙara wurin mai gari. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai sarki, akwai hukuma.

In an ji ciwo

Da farko a kore shanu, a kama doki, kada mai taimako shi ma ya zama abin taimako.

In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu. Ƙwayar cutar tetanos, wadda take sandare jiki ta haɗe haƙora, a cikin ƙasa da kashin doki da na shanu take zaune. Raunin ƙaho bakinsa ƙarami ne, amma yana da zurfi, irin wurin da ƙwayar take so ke nan. Ciwon ba ya bayyana ran nan. Yana ɗaukar kwana 3 zuwa 21. Saboda haka duk wanda ƙaho ko tushiya ta soke, a kai shi gidan likita ran nan a wanke, a yi masa allura, ko da yana cewa ba komai.

In sukar a ciki ce ko a ƙirji, kada a ba shi ruwa ko fura. In hanji ya fito, kada a mayar da shi. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwa da ya huce, a yi sauri.

Wanda saniya ta tattake ko ta matse, yana iya tashi ya yi tafiya, alhali jini yana zuba a cikinsa. In ya yi fari, yana zufa mai sanyi, yana jin jiri, ciki ya yi tauri, a garzaya da shi. Wanda ya bugu a kai, in yana amai, ko barci yana fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, shi ma haka.

Wanda ya faɗo daga doki yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a ɗora shi bisa moto. A sami ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, sauran su ɗaga shi gaba ɗaya, a miƙe. A ɗauke shi da amalanke ko mota.

In yawun saniyar da ake zargi da hauka ya taɓa rauni, ko ta yi cizo, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, sa'an nan a tafi likita a faɗi abin da ya faru.

Aikin aji

Malami ya karanta darasin sau biyu, ɗalibai su karanta sashe sashe. Sa'an nan a tattauna. In akwai makiyayi cikin aji, a ba shi magana da farko.

Mene ne ya sa ba a ɓullo wa saniya ta baya?

Ka ga saniya ita kaɗai, ta daina kiwo, tana dubanka. Me za ka yi zato, kuma ta ina za ka bi?

A garinku, ina ne doki da shanu suka fi haɗuwa? Ku zana taswirar garin a allo, ku nuna burtali da rijiya da hanyar kasuwa.

Lissafi na ɗaya: Saniya mai gudu tana cin mita 8 a daƙiƙa ɗaya. Tana nesa da kai mita 24. Daƙiƙa nawa za ta yi ta iso?

Lissafi na biyu: Doki mai tafiyar ƙafa yana cin mita 100 a minti ɗaya. In ka ratsa garke, tafiyar mita 200 ce. In ka kewaya, mita 500 ce. Minti nawa kewaye ya ƙara maka?

Rubutu: Kowa ya rubuta layi 5, abin da zai gaya wa ɗansa kafin ya ba shi igiyar doki. A kawo ranar karatu mai zuwa.